HAWAN SILO A MOTA: DALILANSA DA HANYAR DAIDAITA SHI

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin cunkoson motoci a Legas, ko Kano, ko Fatakwal, lalle ya taɓa jin motar da ke gunji alhali kuwa direbanta bai ɗora ƙafa bisa totur ba. Wannan shi ne abin da direbobi da makanikai ke kira hawan silo. Mutane da yawa suna ɗaukarsa ƙaramin abu, tun da yake motar tana tashi, tana kuma kai su inda za su. Amma a gaskiya asara ce ta kullum, kuma haɗari ne ga mai motar da sauran masu amfani da hanya. Tun daga ranar 29 ga Mayu ta shekarar da aka janye tallafin mai ba wanda ke wasa da lita guda. Watau tun 2023, lokacin da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya zama babban kaso cikin abin da magidanci ke kashewa.

An shirya wannan ɗan littafi ne domin mai mota, da direban haya, da yaro mai koyon kanikanci, su fahimci abin da ke sa silo ya hau, da kuma yadda ake bin gyaransa daki-daki. Abu guda muke so mai karatu ya riƙe tun daga farko: a motar zamani, ba a fara gyaran silo da murɗa sukuru. Sai an gano dalili tukuna, sa'an nan a taɓa abin da ya kamata a taɓa.

Mene Ne Silo?

Silo shi ne juyawar da inji ke yi sa'ad da mota take tsaye, ba a taka totur ba. Ana auna shi da yawan juyin da inji ke yi cikin minti ɗaya, kuma akwai agogo a gaban direba mai nuna haka a yawancin motoci. In allurarsa ta tsaya a kan lamba 1, ma'anarsa juyi 1,000 ke nan a minti.

Ga yawancin ƙananan motocin fetur, in inji ya ɗumama sosai, silo yakan tsaya tsakanin juyi 600 da 900 a minti. Da safe kuwa, in aka tayar da inji yana da sanyi, zai iya kaiwa 1,200 ko 1,500, sa'an nan ya riƙa sauka a hankali cikin 'yan mintoci. Wannan ba ciwo ba ne, haka aka tsara shi domin ya yi saurin ɗumama. Haka kuma in aka kunna na'urar sanyaya mota, silo yakan ɗan ɗaga kaɗan don inji ya iya ɗaukar nauyinta. Inda matsala take shi ne in an yi tafiya ta minti goma sha biyar ko ashirin, inji ya yi zafinsa na aiki, an kashe na'urar sanyaya, amma allura ta ƙi saukowa ƙasa da 1,000, ko kuwa ta dinga hawa tana sauka ita kaɗai.

Illolin Hawan Silo

Illa ta farko ita ce ɓarnar mai. Matsakaicin inji mai lafiya yakan sha kimanin rabin lita zuwa lita ɗaya a sa'a guda in yana silo, kuma gwargwadon hawan silo gwargwadon ƙaruwar shan. Alal misali, a ɗauka direban tasi yana ɓata sa'a biyu kullum a tsaye cikin cunkoso ko jiran fasinja, motarsa kuma tana ƙona ƙarin rabin lita a kowace sa'a saboda wannan ciwo. Lita ɗaya ke nan a rana, lita 30 a wata, duk a banza. Da yayyafi kogi kan cika.

Illa ta biyu ta fi ta farko muni. Mota mai giya otomatik, in silonta ya hau, takan fizga da ƙarfi da zarar an sa ta a giya, takan kuma riƙa tura kanta gaba ko an taka birki. A bakin kasuwa ko ƙofar makaranta, inda yara ke gilmawa, wannan kaɗai ya isa ya jawo abin baƙin ciki. Bugu da ƙari, fizgar nan tana wahalar da akwatin giya da robobin da ke riƙe da inji, birki kuma yana saurin cinyewa.

Jiya da Yau

A shekarar 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, da na Volkswagen a Legas. Motocin wancan zamani, irin su Peugeot 504 da Beetle, da kafireta suke aiki. A jikin kafireta akwai sukuru na yawan silo da sukuru na gwamin mai da iska, kuma gwanin makanike yakan daidaita su da sukudireba da kunnensa kawai. Da yawa daga cikin manyan makanikanmu a kan irin waɗannan motoci suka koyi sana'a, sun kuma ƙware ƙwarai.

To, amma motocin da suka cika titunanmu yanzu, sababbi da na hannu waɗanda ake kira tokumbo ko kwatano, kusan dukkansu masu nozul ne. A cikinsu akwai ƙaramar kwamfuta, watau ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira birenbos. Ita ce ke yanke shawarar yawan man da za a fesa, tana ƙoƙarin riƙe gwami na kimanin awo 14.7 na iska ga awo 1 na fetur, ita ce kuma ke riƙe silo a inda kamfani ya tsara. Saboda haka in silo ya hau a irin wannan mota, galibi ɗayan abu biyu ne ya faru: ko dai iska tana shiga inji fiye da kima, ko kuwa ana kai wa ƙwaƙwalwar labarin da ba daidai ba.

Sassan da Ya Kamata a Sani

Na farko shi ne maƙogwaron totur, wanda a gareji ake ce masa bakin injekta. In ka buɗe murfin inji, ka bi babban tiyon roba da ya fito daga akwatin matatar iska, inda ya ƙare a jikin inji nan maƙogwaron yake. Bututu ne na alminiyam, a cikinsa akwai ɗan faifan ƙarfe mai juyawa kamar ƙyauren ƙofa. In direba ya taka totur sai faifan ya buɗe, iska ta shiga da yawa. In ya ɗaga ƙafa sai ya rufe.

Na biyu ita ce sensar totur. Ƙaramar na'ura ce baƙa da ke manne a gefen maƙogwaro, bisa sandar da faifan ke juyawa a kai. Aikinta shi ne ta sanar da ƙwaƙwalwa gwargwadon buɗewar faifan. Yawanci wayoyi uku gare ta: ɗaya na kawo mata wuta mai ƙarfin bolt 5, ɗaya ta ƙasa ce, ta uku kuwa ita ke mayar da labari. In faifai yana rufe, wayar labari takan nuna kusan rabin bolt. In ya buɗe gaba ɗaya takan nuna bolt 4 zuwa 4.5.

Na uku shi ne bawul ɗin silo. Da yake faifai yana rufe lokacin silo, an yi wata ƙaramar hanya ta gefe wadda iska ke bi, bawul ɗin nan kuma shi ke faɗaɗa ta ko ya ƙuntata ta bisa umurnin ƙwaƙwalwa.

Sai a lura kuma cewa maƙogwaro iri biyu ne. Akwai wanda kebul ke ja daga fedar totur, kamar na yawancin motocin shekarun 1990. Akwai kuma na lantarki, wanda ya yaɗu tun daga shekarun 2000, inda babu kebul sam, sai ɗan injin lantarki da ke juya faifan. Irin wannan ba shi da bawul ɗin silo, domin faifan da kansa ke ɗan buɗewa ya riƙe silo.

Bincike Kafin Gyara

Mataki na 1. A duba ƙarƙashin ƙafar direba. Sau da yawa tabarmar roba ce ta zame ta danne fedar totur. Kada a raina wannan: a shekarar 2009 kamfanin Toyota ya yi kiranyen miliyoyin motoci a Amurka saboda tabarmar da ke iya tokare feda.

Mataki na 2. A duba kebul. In inji yana kashe, ya kamata kebul ya kasance da ɗan sako-sako, ba a ɗame kamar tsirkiyar baka ba. In ya ɗame, yana riƙe faifai a buɗe. Sai a sassauta notin da ke riƙe shi a bakin maƙogwaro har hannun faifan ya koma ya zauna bisa matokarinsa. In kebul ɗin ya yi tsatsa ko ya fara tsintsinkewa, a canja shi.

Mataki na 3. A nemi inda iska ke sata. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zafin ƙasarmu yana busar da roba, tiyo ya tsage, iska ta riƙa shiga ta bayan faifai inda ba mai tsare ta. A tayar da inji a saurara, ko za a ji tsaki irin na fitar iska. A duba ƙananan tiyoyin da ke jikin manifol, da babban tiyon da ya tafi ga tukunyar birki, da tiyon numfashin inji, da fakin da ke tsakanin maƙogwaro da manifol. In aka matse wani tiyo da filaya a hankali sai silo ya faɗo, to, ta nan ɓarnar take. Ana iya fesa ruwa kaɗan a inda ake zato, a ji ko muryar inji za ta canja. Kada a yi wannan gwaji da fetur, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara.

Mataki na 4. A tabbatar inji yana ɗumama. A nan akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu, watau cire tamostat daga motar da aka shigo da ita, da haɗa fanka kai tsaye don ta riƙa juyawa ba tsayawa, wai don an yi su ne saboda ƙasashen sanyi. Wannan kuskure ne. An ƙera inji ne ya yi aiki a zafin da ya kai kimanin digiri 90, tamostat kuma shi ke kai shi can da sauri. In aka cire shi, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da safe ko lokacin hunturu a wurare kamar Jos, ƙwaƙwalwa kuwa sai ta ci gaba da ɗaga silo tana ƙara mai. Haka kuma in sensar zafin ruwa ta lalace, ko ruwan lagireto ya yi ƙasa, sakamakon ɗaya ne. Ba a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce.

Mataki na 5. A sa na'urar bincike. Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka tun daga 1996, da motocin fetur na Turai tun daga 2001, suna da soket na bai ɗaya a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'ura ta karanta ƙorafin ƙwaƙwalwa. Lamba P0507 tana nufin silo ya wuce yadda aka tsara. P0505 tana nuni ga tsarin riƙe silo. Daga P0120 zuwa P0123 kuwa maganar sensar totur ce da wayoyinta, P0171 kuma tana nufin iska ta rinjayi mai. Sai dai lamba hanya take nunawa, ba ta ce a sayi sabon kaya ba.

Wanke Maƙogwaro

Ƙurar hunturu da tururin baƙin mai sukan haɗu su zama baƙin danƙo a gefen faifai da cikin bawul ɗin silo. Danƙon nan yana iya hana faifai rufewa sosai, ko ya maƙale bawul a buɗe. Ga yadda ake wankewa. A kashe inji, a zare makulli, a bari ya huce. A kwance babban tiyon iska. A fesa maganin wanke maƙogwaro a jikin tsumma mai tsabta, a goge bangon bututun da fuska biyu na faifan, musamman da'irar da faifan ke zama. Kada a kankare da wuƙa ko takardar yashi, domin in aka cinye ƙarfen, iska za ta riƙa wucewa har abada. Kada kuma a fesa magani cikin sensa ko soket. In an cire maƙogwaron ko bawul daga jikin inji, a mayar da su da sabon fakin. A duba matatar iska ma. Wadda ta yage ko ta toshe, canja ta ake yi.

Maƙogwaron lantarki yana bukatar ƙarin hattara. Kada a kuskura a sa yatsa cikinsa makulli yana kunne, domin faifan na iya rufewa da ƙarfin da zai ji wa mutum ciwo. Kada kuma a banƙare faifan da ƙarfi, saboda haƙoran da ke juya shi na roba ne.

Sukurun Matokari

A gefen maƙogwaro mai kebul akwai wani ɗan sukuru wanda hannun faifai ke tokara da shi in ya rufe, galibi da ɗigon fenti a kansa. Mutane da yawa suna zaton shi ne sukurun silo. Ba shi ba ne. Kamfani ya ɗaure shi ne domin faifai ya rufe ba tare da ya cije a jikin bututu ba. In aka murɗa shi ciki, faifai zai zauna a buɗe, sensa kuma ta kauce daga ma'auninta. In fentin yana nan ba a karya ba, a ƙyale shi. In kuwa an ga wani ya riga ya taɓa shi, sai a mayar da shi bisa ma'aunin da littafin gyaran wannan mota ya bayar, kafin a je ga sensa.

Daidaita Sensar Totur

Wannan shi ne aiki na ƙarshe, ba na farko ba, domin sensa tana karanta matsayin faifai ne. In faifai bai zauna daidai ba, duk daidaitawar da aka yi mata ta tashi a banza. In kuwa sensar ta goce, tana nuna wuta fiye da kima alhali faifai yana rufe, ƙwaƙwalwa za ta zaci ƙafar direba tana kan totur, sai ta ƙi saukar da silo. A mota otomatik har canjin giya yakan rikice.

Ana bukatar mitar awon wuta irin ta masu wayarin. A murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, amma kada a tayar da inji. A sa baƙin tsinken mita a jikin ƙarfen inji, jan kuma a taɓa shi da wayar labari ta bayan soket, ba tare da an zare soket ɗin ko an fere wayar ba. A karanta abin da mita ta nuna, a gwada da ma'aunin littafin motar. Sa'an nan a buɗe faifai da hannu sannu a hankali har ƙarshe. Ya kamata lamba ta riƙa hawa sumul. In ta yi tsalle, ko ta faɗi ta dawo, cikin sensar ya cinye, ba ta daidaituwa, sai sabuwa.

In hawanta lafiya lau ne amma mafarinta ya goce, a duba ramukan sukurunta guda biyu. In dogaye ne, an yi ta ne don a daidaita. A sassauta sukurun kaɗan, a juya sensar a hankali ana kallon mita har ta kai lambar da ake so, a ɗaure, a sake karantawa, domin ɗaurewa kan ɗan motsa ta. A buɗe faifai a sake shi sau uku ko huɗu, a tabbatar kullum yana komawa lamba ɗaya. A wasu tsofaffin motocin Toyota sensar wayoyi huɗu gare ta, ta huɗun ta makunnin silo ce, kuma ana daidaita ta da siraran ƙarafan awon tazara da ake sawa tsakanin matokari da hannun faifai. Kaurin da ake bukata ya bambanta daga inji zuwa inji. In ramukan sensa zagayayyu ne, ko kuwa maƙogwaron na lantarki ne wanda sensarsa ke rufe a ciki, to, babu abin juyawa.

Sake Koya wa Ƙwaƙwalwa

Sau da yawa mai mota yakan koma gareji da fushi, yana cewa tun da aka wanke masa bakin injekta silo ya ƙara hawa. Ga dalili. Sa'ad da danƙo ke taruwa cikin watanni, ƙwaƙwalwa takan riƙa ƙara buɗe hanyar iska kaɗan-kaɗan don inji kada ya mutu, tana kuma ajiye wannan a cikin tunaninta. Da aka wanke, hanya ta buɗe, amma ita tana nan a kan tsohon lissafi. Maganinsa shi ne a sake koya mata. A motoci da yawa ya isa a bar inji ya ɗumama har fanka ta tashi, a kashe fitilu da rediyo da na'urar sanyaya, a bar shi yana silo kimanin minti goma ba a taɓa totur ba, sa'an nan a yi tafiya irin ta kullum. Wasu kuwa, kamar motocin Nissan da dama, suna da tsari na musamman da ake bi da makulli da feda ko da na'urar bincike. Duk wannan a fili ake yinsa, ba cikin rufaffen gareji ba, domin hayaƙin salansa yana da gubar da ba ta da wari, tana kuma kisa.

Jan Hankali

Ya kai mai mota, in ka kai motarka gyara, ka tambayi makanike abin da ya gano kafin ya kwance kome, ka kuma nemi a nuna maka abin da mita ko na'ura ta faɗa. Kada ka yarda a toshe hanyar bawul, ko a zare soket, ko a cire ƙwan fitilar gargaɗi, don kawai murya ta kwanta. Ɓoye ciwo ba ya warkar da shi. Kai kuma makanike, sana'arka ta canja, kuma mita ta zama kayan aiki kamar sifana. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, tambaya kuwa ba ta rage darajar gwani.

Rigakafi ya fi magani. A riƙa duba matatar iska, musamman lokacin hunturu, a bar tamostat a wurinsa, a canja tiyon da ya bushe tun bai tsage ba. In mota ta fara tura kanta gaba da ƙarfi ko an taka birki, a ajiye ta sai an gyara. Wanda ya kiyaye wannan ya tsare aljihunsa, ya kuma tsare rayukan 'yan'uwansa masu bin hanya. Allah ya kiyaye mu, ya kai kowa gida lafiya.